Wadda Ba Ta Son Wasan Taro, Jikinta Ya Yafe Mata Ne?

 Yau wata 'yar tambaya nake so mu zauna mu juya ta, wadda in kin ji ta da farko za ki ɗauka wasa ce, alhali kuwa akwai rai a cikinta. Tambayar ita ce: macen da Allah bai sa mata son wasan taro ba, ba ta son ƙwallo, ba ta son tsere a gaban jama'a, ba ta son duk wani abin da za a raba mutane gida biyu ana ihu, shin wannan ƙin ya sauke mata nauyin motsa jikinta? Ko kuwa bashin yana nan a wuyanta, sai dai ta nemi wata hanyar biya?

Abin da ya sa na kawo maganar, na lura yawancinmu da zarar likita ta ce "ki riƙa motsa jiki", hoton da ke faɗo mana a rai shi ne fili da usur da dogon wando, ga maza a gefe sun zuba ido. Nan take sai zuciya ta ce a'a, wannan ba da ni ake ba. Sai a karɓi magani a ƙulle a haɓar zane, shawarar kuwa a bar ta a ƙofar asibiti.

Ni kaina ina cikin matan da wasan taro bai taɓa burge su ba. Tun muna makaranta a nan Gummi, ranar wasanni ita ce ranar da na fi ƙi a mako. Za a jera mu a rana, a fitar da manyan 'yan mata biyu su yi ta zaɓe, irinmu sai an rasa yadda za a yi sannan a ɗauka. In ƙwallo ta kufce miki, mutum goma su yo kanki da masifa kamar kin zubar da tukunyar biki. Kai, har gaɗa a dandali da farin wata, wadda kowace yarinya ke ɗoki, akwai waɗanda ba ta dame su ba, domin ba kowa ke iya shiga tsakiyar da'ira ta saki jiki ta faɗa da baya a hannun wasu ba. Wannan hali ne, kuma Allah bai yi mu iri ɗaya ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

To amma 'yar'uwa, mu tsaya mu tankaɗe abin, mu ga mene ne ainihin abin da muke ƙi. In kin duba da kyau za ki tarar abu huɗu ne: idon jama'a, da gasa, da zargi in an yi rashin nasara, da hayaniya. A cikin huɗun nan babu motsin jiki ko ɗaya. Yarinyar nan da ke ɓuya a bayan aji ranar wasanni, ita ce za ki gani tana tsalle a tsakar gida in ruwan farko ya sauka, ita ce mai ɗare katanga ta tsinko magarya. Jikinta yana son motsi, taron ne ba ta so. Kuskuren da makaranta da gari suka haɗu suka yi mana shi ne, sun ɗaure abu biyun nan da igiya ɗaya, har muka girma muna zaton in ba a fili ba, in ba da abokan karawa ba, to ba a motsa jiki.

Ko a cikin manyan 'yan wasa ana samun wadda rabonta yana wajen da take ita kaɗai. Chioma Ajunwa tana cikin tawagar ƙwallon ƙafa ta matan Nijeriya da ta je gasar cin kofin duniya a ƙasar Sin a 1991, amma sunanta bai cika duniya ba sai a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro mana Jihar Zamfara, lokacin da ta yi dogon tsalle na mita 7.12 a birnin Atlanta na Amurka ta ciwo zinare a gasar Olamfik. Ita da ƙafafunta da ramin yashi, shi ke nan. Ba na cewa ki zama Chioma. Ina nuna miki ne cewa ƙofar motsa jiki ba ɗaya ba ce.

Yanzu mu dawo kan batun bashi. Jikin nan aro aka ba mu, amana ce, kuma malamai sun sha gaya mana cewa yana da haƙƙi a kanmu kamar yadda miji da 'ya'ya da baƙo suke da shi. Shi kuma jiki bai san uzuri ba. Zuciya ba ta tambayar ko kina son ƙwallo, jini ba ya tambayar ko kina da kunya. In an motsa su sun gode, in an bar su a zaune shekara da shekaru sai su aiko da saƙo, jiki magayi: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa, ciwon baya, haki daga ɗaki zuwa madafi.

Iyayenmu da kakanninmu na ƙasar Gummi ba su san kalmar "motsa jiki" ba, amma sun biya bashin har da ƙari. Mace ta tashi da asuba ta yi surfe, ta yi daka, ta durƙusa a kan dutsen niƙa, ta ja guga a rijiya, wata ta sauka har bakin gulbin Zamfara da tulu ko da kayan wanki. Ga sussuka, ga shiƙa, ga daɓen ɗakin amarya da ake taruwa a yi ta bugun ƙasa da maɗaɓi ana waƙa. Yau inji ya karɓi niƙa da surfe, mai kura ya kawo ruwa har ƙofa, ɗan acaɓa ya karɓi tafiya, waya kuma ta karɓi zumunci. Wallahi ba na kukan tafiyar wahala, duk wadda ta taɓa niƙa tiya biyu ta dawa a dutse ba za ta zagi mai inji ba. Sai dai wahalar nan da ta tafi, ta tafi da wani magani da ke ɓoye a cikinta, mu kuma ba mu nemi madadinsa ba. In kiɗa ya canza, ai rawa ma sai ta canza.

Turawa ma sai da suka yi bincike suka gane haka. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan manyan motocin safa masu bene na birnin Landan. Mota ɗaya, hanya ɗaya, iska ɗaya ake shaƙa, amma direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Ki lura da kyau, kwandastan nan ba ƙwallo yake bugawa ba, ba shi da ƙungiya, ba a taɓa ba shi kofi ba. Matakala kawai yake hawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kuma kwana biyu a mako na abin da zai ƙarfafa damtse da cinya da baya. Minti 150 ɗin nan in kin raba shi, minti 30 ne a rana, kwana biyar. Bai kai tsawon fim ɗaya daga cikin masu dogon zangon nan da muke bi a waya ba. Kuma ba dole a yi shi a zama ɗaya ba, ko minti biyar kika yi ya shiga lissafi. A rahoton da hukumar ta fitar a 2024 ta ce kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba sa cika wannan ma'auni, kuma mata sun fi yawa, kashi 34, maza kashi 29. Kin ga ashe ba mu kaɗai ba ne.

Na san wata za ta ce, "Haba malama, ni da nake yini a tsaye, wanki, wanke-wanke, girki, raino, wane motsa jiki kuma ya rage?" Maganarki tana da ƙafa, kuma dole a raba gida biyu. Akwai 'yan'uwanmu na ƙauyukan Gummi da Bukkuyum da Anka waɗanda har gobe su ke daka, su ke ɗauko itace da ruwa da goyo a baya. Waɗannan ba da su nake ba, su hutu suke buƙata da abinci mai gina jiki da mai taya su. Kuma ba kowace zufa ce lafiya ba. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya watsa gubar dalma a garuruwa irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Aikin ƙarfi ne aka yi, ajali ya biyo baya.

Amma ke ta cikin gari, ki yi wa kanki adalci ki lissafa. Tsintar shinkafa a zaune, yankan kubewa a zaune, wanke-wanke a kan kujera 'yar tsugunno, kitso a zaune, ɗinkin hula a zaune. Gajiya kam an gaji, baya ya ƙage, amma zuciya ba ta yi gudu ko na minti biyar ba. Ga ma'auni mai sauƙi: motsi matsakaici shi ne wanda numfashinki zai ɗan hau, jiki ya yi ɗumi, kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa. Aikin da ya kai ki nan, ki sa shi a lissafi. Wanda bai kai ba, lada ce a wurin Allah, amma bashin jiki yana nan.

Sai babbar katanga, wato kunya da abin da muke kira hutu. A wurinmu in an ce wance tana cikin hutu, ana nufin ba ta ɗaga ko tsinke, ta yi ɓul-ɓul, wuya ya yi gunduwa-gunduwa, a ce miji ya iya kiwo. Har ta kai wasu 'yan mata na sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don su cika ido kafin biki, ba su san wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna tayar da suga da hawan jini ba. In kuwa matar aure ta ɗauki igiya ta yi tsalle, sai a ce ta zubar da girma. Wata maƙwabciyata da likita ya ce sugarta ya fara hawa, ta sayi igiya tana yi a bayan ɗaki. Ran nan gwaggon mijinta ta shigo ta yi kiciɓis da ita, ta riƙe baki ta ce, "Ke wagga ɗiya, mi yas same ki? Macce da ɗiya ukku tana tsalle kamar ɗan akuya?" Ita kuwa ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Gwaggo, ku turmi ya yi muku magani, mu inji ya ƙwace mana namu. Likita ya ce ko wannan ko allura." Tsohuwa ta yi shiru, can ta ce, "To Allah shi sawwaƙe, ki dai ja ƙyaure."

Ni a ganina gwaggo ta yanke hukuncin da ya dace, a ja ƙyaure a ci gaba. Kunya ado ce ga mace, babu mai ja, amma an yi ta ne don ta tsare mu daga abin ƙi, kuma neman lafiya ba ya cikin abin ƙi. Wa ya kai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, kunya da daraja? Amma ya zo a ruwayar Imamu Ahmad da Abu Dawuda cewa a wata tafiya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da ita ta wuce shi, bayan wasu shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake, shi kuma ya wuce ta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan labari, sai da ya sa sahabbai suka yi gaba tukuna. Babu taro, babu 'yan kallo, miji ne da matarsa da raha. To wadda ba ta son idon jama'a, ga abin koyi ta samu.

Saura batun daɗi, kuma a nan ne nake so ki ba ni kunnenki sosai. Wasu suna ganin abin da ya zama wajibi ba a neman daɗi a cikinsa, a daure kawai a yi. Ni ban yarda ba. Magani mai ɗaci ana daurewa a sha na kwana bakwai, amma motsa jiki abu ne na har tsufa, kuma ɗan Adam ba ya dawwama a kan abin da ransa ke ƙi. Duk wadda ta tilasta wa kanta abin da ba ta so, sati biyu ya yi yawa za ta samo dalilin bari, yau baƙi, gobe ciwon kai. Saboda haka neman wanda yake yi miki daɗi yana cikin cika amanar. Ki tambayi kanki, wane motsi ne nake yi ina yarinya ba tare da an sa ni ba? Yawanci amsar tana nan.

In mai son tafiya ce ke, Hausawa sun riga sun gama magana, zumunta a ƙafa take. Gidan suna, dubiya, gaishe da iyaye, makarantar Islamiyya, in cikin unguwa ne kuma maigida ya yarda, ki bar ɗan acaɓa ya wuce, ki taka da hijabinki, ki ɗan ɗaga ƙafa. Kin sami lada, kin sami lafiya, kuɗin mashin ya koma cefane. Ba zan ce ki fita bayan gari ko hanyar fadama ke kaɗai ba, kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa yankinmu. Wadda kuma ba ta fita, tsakar gida ta ishe ta. Masu bincike sun kimanta tafiya mai ɗan sauri da taku 100 a minti ɗaya, wato minti goma taku dubu ke nan. Daga zaure zuwa bakin rijiya, ki je ki dawo, rediyo na yi, ko kina bitar haddarki.

In mai son kiɗa ce ke, ki rufe ɗaki ki taka. Matan Hausa ba baƙin rawa ba ne a tsakaninsu, kiɗan ƙwarya da amada namu ne na cikin gida, kuma marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta tayar da manyan mata da yawa daga kan tabarma. Waƙa uku a jere sun kai minti goma sha biyar, za ki ji zufa ta karyo ba ki san lokacin ba.

In kuwa ke mai son ki ga amfanin abu a hannu ce, wadda tsalle haka kawai yake yi mata kama da wauta, to ki dawo da turmi ko sau biyu a mako. Dakan fura, dakan yaji, kirɓa sakwara. Taɓarya tana aiki da kafaɗa da damtse da ciki da baya gaba ɗaya, ita ce ma abin ƙarfafa jikin nan da aka ce a yi kwana biyu a mako. In kina da abokiyar zama ko ƙanwa da kuke shiri, ku yi lugude, mai gwaninta ta haɗa da mamare. Mutum biyu ba taro ba ne, kuma a lugude babu wadda ta ci babu wadda aka cinye, gari ne ke yin laushi. Haka jan guga, haka 'yar gonar bayan ɗaki ta zogale da rama da yakuwa, ki yi kaftu ki yi ban ruwa, ki ci da hannunki. Mai ƙananan yara kuma ta tashi ta bi su da gudu a tsakar gida, su yi ta ƙyalƙyala dariya, su ba sa zargin kowa.

Sai a kiyaye abu kaɗan. Zafin ƙasarmu daga Maris zuwa Mayu ba abin wasa ba ne, a yi da sanyin safiya bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa. A fara da kaɗan, minti goma yau, bayan sati a ƙara, sannu ba ta hana zuwa. Mai jiki mai nauyi ko mai ciwon gwiwa ta bar igiya ta riƙe tafiya. Mai ciki lafiyayye ma an so ta riƙa tafiya, amma ta faɗa wa ma'aikatan awo tukuna, haka mai jego, haka mai hawan jini ko ciwon zuciya. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na neman ɗaukewa, ta tsaya nan take ta nemi asibiti. Wadda kuma ake ba magani kada ta ajiye shi don ta fara motsa jiki, tare suke tafiya.

Na san littafin nan yakan faɗa hannun maigida, don haka ga 'yar magana gare ka, ranka ya daɗe. Kai kana fita, kana taka ƙasa, kasuwa da gona da masallaci, wani ma har ƙwallo da yamma. Ita tana tsakanin bango huɗu. In ka ga ta ɗauki igiya ko tana zagaya tsakar gida, kada dariyarka ta zama sanadin barinta. Kuɗin igiya bai kai kuɗin katin asibiti ba, balle maganin suga na kowane wata. Ku ma iyayenmu surukai, a taya mu da addu'a da kau da kai.

To 'yar'uwa, amsar tambayarmu ta fito. Ƙin wasan taro halinki ne, babu mai tuhumarki a kansa, ba sai kin sa wando kin shiga fili ba. Amma jikin da zai ɗauki ciki, ya yi goyo, ya yi tsayuwar dare, ya yi ɗawafi da safa da marwa in Allah ya kira ki, bai yafe ba, yana jiran minti talatin ɗinsa. Ki zaɓi wanda ranki ke so a cikin waɗanda na lissafa, ko ki ƙirƙiro naki, ki fara gobe da safe kafin a ɗora koko.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu tsufa da ƙafafunmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin summa amin.